Cibiyar Keken Baba

Ni ba mai fita ba ce. Ba wanda ya hana ni, maigidana ma har tsiya yake yi mini, wai ko gobara aka yi a unguwa sai an zo an roƙe ni kafin in leƙa waje. Haka Allah ya yi ni. In ina da tsakar gidana, da murhun da nake bandar kifi, da wanda zai shigo mu taɓa hira, to duniya ta ishe ni. Abin da ƙafata ba ta je ta gani ba, kunnena yakan kawo mini shi har gindin murhu. Ina gane jirgin da ya taso daga bakin ruwa da jin injinsa kawai, na san tarin kowane tsoho a layinmu, kuma tun ina ƙarama ba wanda ya kai ni sanin keken Baba.

Baba zaren koma da ƙugiya yake sayarwa. Yakan saro a Yelwa, ya ɗaure a bayan keke, ya bi ƙauyukan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya har ya sauko gida Wara. In kasuwa ta ja shi wajen Shanga sai mu yi kwana huɗu ba mu gan shi ba. Keken baƙi ne, irin na da, mai nauyi kamar turmi. A tsakiyar ƙafar baya akwai dunƙulen ƙarfen nan da wayoyi suke tashi daga jikinsa su kama rim. Masu gyara suna ce masa hob, Baba kuwa cibiya yake cewa, ni ma da ita na saba. Mutane sukan zura wa cibiya tsumma ko guntun fata, don in ƙafa tana juyawa ya riƙa goge ta kada ta yi tsatsa. Baba shi warwaron Inna ya sa. Na tagulla ne, ya matse mata hannu bayan ta haifi ƙanena, aka kai wurin maƙeri ya buɗe shi, sai Baba ya ce a rufe masa shi a jikin cibiya.

To wannan warwaro shi ne muryar keken. In Baba yana tuƙi a hankali sai ka ji cin, cin, cin, siririyar ƙara mai tsawo, kamar an taɓa bakin tasa da cokali. In ya zo gangaren rijiya ya daina taka feda, sai haƙorin baya ya shiga da nasa, ƙas-ƙas-ƙas, su haɗu su biyu. Tun yana gangaren nan nake ce wa Inna ta ɗora ruwa. Takan ce ƙarya nake, ba ta ji komai ba, kuma kafin ta rufe baki ya yi sallama.

Duk safiyar Juma'a in yana gari yakan kifa keken a tsakar gida, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama. Ni ce mai riƙe tsumma. Sai ya ce in bi wayoyin ɗaya-ɗaya ina taɓawa da farce, in gaya masa wadda ta saki, don shi kunnensa ya fara nauyi. Wadda ta ɗauru tana da zaƙin murya, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta kamar mai mura. A nan na koyi ƙirga, ba a aji ukun da na yi a makaranta ba. Talatin da biyu a gaba, arba'in a baya. Ya ce baya ita ke ɗaukar kaya, dole ta fi yawan masu taimako.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni, ga Inna zaune, ga ƙanena tsaye a bakin ƙofa, ya ce keken nawa ne, ya ba ni tun yana da rai, kada ya shiga rabo. Ya ce ni na san muryarsa. Ƙanena bai ce komai ba. A lokacin ya riga ya zama mai gyaran keke, yana da rumfarsa a gindin dalbejiya kusa da tasha, da mata da 'ya'ya uku. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka shirun mai baƙin ciki ne, kuma wataƙila a ranar shi ɗin ne.

Ni ba na hawa keke, ina zan je. Da Baba ya rasu, maigidana ya koma hawansa, ni kuma na ci gaba da ji. Shekara shida haka. Duk la'asar sakaliya in na ji cin, cin daga gangaren rijiya, na san wanda ke tafe, amma kafin hankalina ya gama faɗa mini maigida ne, akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da nake zama yarinya mai jiran ubanta. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Na ɗauka mutanen gida sun sani.

Gonar maigidana tana can inda ruwa ke ja da baya ya bar ƙasa mai laima, a nan yake dashen albasa. Hanyar jar tsakuwa ce har rabi, sauran kuwa yashi ne mai cin ƙafa. Tayar keken Baba siririya ce, tana shiga yashin nan take nutsewa, sai ya sauka ya tura, ga buhun taki, ga gwiwa da ta fara yi masa ciwo. Yakan dawo yana ɗingishi, in gasa masa da ruwan zafi.

Ana haka sai wasu baƙi suka ratsa garin a kan kekuna, 'yan birni masu yawon ganin bakin ruwa. Ni ban gan su ba, labari na sha. Wai kan kekunan a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, tayoyin kuwa masu kauri, da ƙuraje-ƙuraje a jiki. Ɗayansu ya tsaya faci a rumfar ƙanena, maigidana yana zaune a wurin. Sun ce da idonsu suka ga mutanen sun ratsa yashin bayan kwalbati ba wanda ya sa ƙafa a ƙasa. Baƙon ya ce musu don hanyar tsakuwa aka yi irin keken. Daga ranar nan gidana ba a sake wata hira ba. Da tuwo keken tsakuwa, da koko keken tsakuwa. Ƙanena ya ce ba sai an sayi sabo ba, in aka samu rim da taya a Yelwa, shi zai iya mayar da keken Baba haka.

Na ƙi har wata biyu. Ran da na ga maigida ya kasa durƙusawa a salla sai da ya zauna a kujera, na ce to.

Da hantsi ƙanena ya zo, ranar wata Laraba, da rim biyu a kafaɗa, taya rataye a wuya, aljihun rigarsa sun yi nauyi. Yana shigowa ya fara tsokanar maigidana kamar yadda suka saba, wai ga maganin tsufa ya kawo masa, in wannan bai yi ba sai a sayo masa jaki. Maigida ya ce ai yana da jaki, ga shi nan ya shigo da kaya a wuya. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo kunu da guntun kifi mai zafi daga kan wayar banda.

Ya ce ni zan zaɓa, tunda keken nawa ne. Na ji daɗin wannan magana, har yau ina jin kunyar yadda na ji daɗinta.

Ya ajiye rim biyun a gabana. Ɗaya fari ne mai ƙyalli, siriri, ba nauyi. Ɗaya baƙi, mai faɗin ciki, har yatsuna biyu suna kwanciya a kwarinsa. Ya yi mini bayani a tsanake, don ya iya bayani, a nan ya gaji Baba. Ya ce taya mai kauri in aka cusa ta a siririn rim, bakinta yakan tsuke cikinta ya kumbura kamar gora, sai ta riƙa lilo a kwana. Kuma dabarar yashi ita ce a rage iska, to in an rage iska a kan siririn rim tayar tana iya kwanciya gefe ta kwaɓe. Mai faɗin kuwa yana barin ta ta zauna daram, ta baje ƙasa kamar mace a kan tabarmarta. Sai dai ya fi nauyi, kuma dole a cire marfin taya a canza birki kafin ya shiga.

Maigida farin yake so, don ƙyalli. Ni kuwa na tashi na ɗauko cokali. Yadda nake gwada tukunya in mai tukwane ta shigo da su, haka na yi. Na rataye kowanne a yatsa na ƙwanƙwasa. Farin ya yi wata ƙara mai rawa, kamar faranti mai tsaga. Baƙin ya amsa da murya ɗaya, ta daɗe kafin ta mutu. Na ce baƙin. Ƙanena ya yi dariya ya ce da ma shi zai ce, amma ya so ya ga ko kunnen Yaya yana nan.

Sai ya zaro cibiya biyu daga aljihu, sababbi, farare. Ya ce wannan boris ɗinta, 'yan ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, a rufe yake, yashi ba ya shiga, amma in ta lalace sai a nemo wani daga nesa. Wannan kuma irin ta da ce, ana buɗewa a wanke a sa giris, kowane mai gyara ya san ta. Ya fara juya su a kusa da kunnena in ji santsinsu. Na ture hannunsa.

Na ce masa, "Ta gaba ka sa wadda ka ga dama. Ta baya kuwa ta Baba za ka mayar, da warwaronta. Ka canza taya, ka canza rim, ka canza birki, ko sirdi ka canza ban damu ba. Wagga ɗaya ita ce ban yarda a taɓa ba."

Ya ce, "To, Yaya."

Yana faɗin haka yana bin hujin baƙin rim ɗin da babban yatsa. Leɓensa yana motsi. Ni kuwa ba a yin raɗa kusa da ni. Na ji yana ƙirga ƙasa-ƙasa, talatin da huɗu, talatin da biyar, talatin da shida, sai ya yi shiru. Ya ɗaga kai ya dubi keken da ke jingine a bango, ya dubi maigidana. Na ji, na gani, ban haɗa ba. Hankalina yana kan kifin da na bari a wuta. Da zai tafi ya ce af, haƙorin baya fa ya cinye, shi kam dole a sa sabo, kada in ji ƙas-ƙas ɗin ya canza in ce wani abu. Na ce ba komai.

Bayan kwana takwas keken ya dawo. Dariya na fara yi, don ya zama kamar tsoho ya sa takalmin soja. Cibiyar baya an shafe ta da baƙin fenti, ƙanena ya ce saboda tsatsa ne, ga warwaro yana lilo a jikinta. Ban sunkuya na duba ba. Me zan duba, ƙanena ne.

Kuma gaskiya aikin ya yi. Maigida ya ce yashin bayan kwalbati yanzu kamar shimfiɗa, tsakuwa ma ba ta girgiza masa ƙugu. Gwiwar ta lafa. Ya koma yana durƙusawa a salla. Wannan ba zan ɓoye ba, ko da yake ɓoyewar za ta fi yi wa labarina daɗi.

Amma tun yammar farko na ji abin bai yi ba. Daga gangaren rijiya, maimakon cin, cin, sai na ji kwas, kwas, gajeriyar ƙara, busasshiya, tana fita tana mutuwa. Na gaya wa maigida. Ya ce fenti ne, in ya goge muryar za ta dawo. Bayan sati biyu na sake magana, ya ce sabon giris ne. Na sake, ya ce tayar ce mai kauri take shanye ƙara, kuma in rage sa wa abu kunne haka, kada in tsufa da wuri. Na yarda, don ina son in yarda. Har na fara zargin kunnena, ina cewa ko irin na Baba ne ya fara kama ni.

Wani abu kuma da na lura da shi ban ba shi ma'ana ba. Ƙanena da can har cikin zaure yake shigowa a kan kekensa, yana kaɗa ƙararrawa don ya ba ni haushi. Tun da aka yi aikin nan sai ya koma zuwa a ƙasa. In na tambaya ya ce ya bar keken wajen tela, ko ya ce yana rage tumbi. Wata biyu cur bai kawo keke ƙofar gidana ba. Yana zuwa, yana cin kifina, muna hira har rana ta karkata.

Wata safiyar Juma'a maigida ya tafi gaisuwar rasuwa a ƙasa, ya bar keken. Na gama shara, na dube shi, sai kewar Baba ta taso mini. Na kifa shi a tsakar gida yadda muke yi, na ɗauko tsumma. Na fara bin wayoyin baya da farce. Duk a ɗaure suke, muryarsu ɗaya, ƙanena ba ya aikin banza. Ina taɓawa ina ƙirgawa don sabo, ban ma san ina yi ba, sai na ga na dawo kan wayar da na fara, bakina yana kan talatin da shida.

Na ce na tsallake. Na ɗaura zare a waya ɗaya na sake. Talatin da shida. Na ƙirga hujin jikin cibiyar, gefe da gefe, sha takwas, sha takwas, ba ko ɗaya da ya zauna ba waya. Na sa farce na kankare fentin, sai ga farin ƙarfe mai taushi, irin na tukwanen da ake zubawa. Na juya warwaron na ga wurin da aka buɗe shi aka sake liƙewa, sabon tabo, yana ƙyalli.

Na zauna a ƙasa, tsumma a hannu. Abin da ya dawo mini ba fuskar kowa ba ce, muryar nan ce ƙasa-ƙasa, talatin da biyar, talatin da shida, da shirun da ya biyo baya. Tun a kan tabarmata, da kununa a gabansa, ya san cibiya mai huji arba'in ba za ta hau rim mai talatin da shida ba. Ya sani kafin ya ce to.

Da maigida ya dawo daga masallaci na bar shi ya ci abinci, don ba na tayar da magana a kan mai yunwa. Da ya wanke hannu na tambaye shi ina cibiyar Baba. Ya dubi keken a kife, ya ga zaren da na ɗaura, bai yi gardama ba. Ya ce tana wurin ƙanena. Ya ce an nemi rim mai faɗi mai huji arba'in a Yelwa ba a samu ba, an aika har wajen masu kawo kaya daga nesa, babu. Na ce me ya hana a gaya mini. Ya daɗe yana goge hannu a gwiwa.

Ya ce, "Mun ga in an hwaɗa miki za ki ce a bari, ga ƙahwata. Kuma mun ce tunda ba ki hita, ba inda za ki gan ta."

Na ce su wa da wa. Ya ce shi da ƙanena. Sai ya ƙara da cewa Inna ma ta sani.

Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Na ɗauki mayafi. Rabona da hanyar tasha tun sunan ɗan autan ƙanena. Mata suna leƙowa suna tambaya ko lafiya, wata tsohuwa har ta biyo ni tana cewa wa ya rasu. Rana tana dukan kai, jar tsakuwar nan da na sha jin labarinta tana shiga mini silifa.

Ƙanena yana zaune a rumfa yana shafa wa tub gam. Da ya gan ni ya miƙe tsaye da tub ɗin a hannu, ya ce Yaya lafiya, wa ba shi da lafiya. Na wuce shi na zaga bayan rumfar. Kekensa yana jingine a jikin dalbejiya, an yafa buhu a kan ƙafar baya. Na janye buhun.

Ko waya ɗaya bai kwance ba. Ƙafar Baba ce gaba ɗayanta, da tsohon rim ɗinta, da wayar nan guda da ta ɗan lanƙwashe tun ran da akuya ta shiga gabansa. A tsakiyar cibiyar ga zobe fari tas, inda warwaro ya fi shekara talatin yana gogewa. Na ɗaga bayan keken na juya feda na saki. Ƙas-ƙas-ƙas. Haƙorin da aka ce mini ya cinye.

Ya fara magana a bayana. Ya ce ya nema, Allah ya sani ya nema. Ya ce da ya yanke wayoyin ya ciro cibiyar, da ta zama ƙarfen banza a cikin kwano, gara tana tafiya. Ya yi ta kawo dalilai, kuma duk gaskiya ne, shi ya sa suka fi ciwo. Sai can muryarsa ta canza, ta koma irin ta lokacin da yake yaro in an yi rabon nama an ba shi ƙashi. Ya ce shekara ashirin shi ke gyara keken nan, shi ya san ciwonsa, ko sau ɗaya bai karɓi ladan aiki ba, amma da Baba ya tashi bayarwa sai ya ba wadda ko hawa ba ta yi. Ya ce shi hula da buzu ya samu.

Na ce masa, "Da ka zo ka ce, Yaya, arba'in ba ta shiga talatin da shida, ai na iya ƙirga. Da ka ce kana so, wataƙila in yi kwana biyu ina hushi, in ba ka. Wa gare ni in ba kai ba."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba ƙahwar ta dame ni ba. Zama ka yi, ka buɗe warwaron Inna, ka liƙe shi a wata, ka shafa fenti, kana tunanin kunnena. Ka san da mi nike ji, da shi ka yi mini dabara."

Ya ce bari ya kwance ƙafar yanzu ya kai mini gida. Har ya ɗauko sifana. Na ce ya bari. In kai ta ina, in rataye a bango in riƙa kallo? Keken maigida an riga an canza masa birki, ba za ta koma ba, kuma ba zan mayar da mutum tura keke a yashi don in huce ba.

Gidan ƙanena yana bayan rumfar, a nan Inna take zaune. Na same ta tana tsinar shinkafa a faifai. Ta ga fuskata ta san abin da ya kawo ni, ba ta daina tsinar ba. Ta ce ita ta ce a yi haka. Ta ce yaron nan shekara shida yana kallon keken ubansa a ƙarƙashin wani, bai taɓa buɗe baki ba.

Ta ce, "Na ɗauka ƙarar kike so, ɗiyata. Aka bar miki ƙarar."

Na ce ba ita ba ce. Ta ce ita kam duk ɗaya take ji. Na san gaskiya ta faɗa, tun da can ba ta taɓa jin Baba daga gangaren rijiya ba. Na gaishe ta da jiki na fito.

Washegari na aika ƙanena ya zo da kayan aikinsa. A tsakar gidana, a gaban maigida, na ce ya buɗe warwaron da hannunsa ya ba ni. Ya durƙusa ya yi, ba wanda ya yi wa wani tsiya ranar. Maigida ya ce to yanzu keken ba zai yi ƙara ba ke nan. Na ce gara haka.

Yau shekara biyu ke nan. Rim ɗin da na zaɓa bai taɓa karkacewa ba, maigida yana yabonsa wurin mutane, har wasu manoman albasa biyu sun kai nasu an yi musu, sai dai su ba su da abin da za a ɓoye musu. Tayar nan mai kauri ba ta ƙara a kan yashi, sabon haƙorin ma ba shi da murya. Yanzu sai dai in ji sallama a zaure, ruwa bai hau wuta ba, ya zauna ya jira. Da farko yakan yi mita. Ya daina.

Ƙanena ya koma zuwa a kan keke, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ina jin ƙas-ƙas ɗinsa tun daga gangaren rijiya, shi kaɗai, ba abokin tafiya. Ina amsa sallamarsa, ina ba shi kifi, ina tambayar yara. Amma hirar da muke yi har rana ta karkata, ita ban san inda ta shiga ba. In ya yi mini bayanin wani abu yanzu, ko na farashin gero ne, sai in ji ina sauraren abin da ke ƙarƙashin maganar.

Da damina ta wuce ya ce mini farin zoben nan na jikin cibiya ya fara yin ja, tsatsa tana ci. Ya ce ya sa tsumma, ya sa fata, ba su goge kamar tagulla. Bai roƙa ba, ya dai faɗa, yana kallon ƙasa. Na san abin da yake nufi, na kuma san cibiyar Baba ce ke lalacewa, ba tasa ba. Na ce masa Allah ya kyauta, na ƙara masa kunu.

Warwaron yana cikin gwangwanin allurata. Na naɗe shi a tsumma don kada ya taɓa ƙarfe in na ɗauki gwangwanin. Wani lokaci in ina neman zare nakan ji nauyinsa a ƙarƙashin yatsa, in ce gobe in ya zo zan ba shi. Jiya ya zo, ya ci kifi, ya tafi.